Fuskarka a Jikin Tsohon Zane: Yadda Jama'a ke Yin Shigar Shahararrun Hotunan Duniya

A ranar 25 ga Maris 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka garƙame gidajen adana kayan tarihi a faɗin duniya, gidan tarihi na Getty da ke Los Angeles a Amurka ya miƙa wa mabiyansa na intanet wani ƙalubale mai sauƙi. Kowa ya zaɓi zanen da ya fi so, ya nemi abubuwa uku a cikin gidansa, ya kwaikwayi zanen da su, sannan ya ɗauki hoto. Kafin wani lokaci hotuna sun yi ta kwarara dubbai. Tawul ya zama rawani, labule ya zama alkyabbar sarauta, murfin tukunya ya zama garkuwa.

Ba Getty ne ya ƙago dabarar ba. Kwanaki kaɗan kafin nan wata matashiya a Amsterdam ta buɗe shafin Instagram mai suna Tussen Kunst & Quarantaine, ta kuma fara da shahararren zanen Yarinya Mai Ɗan Kunnen Lu'ulu'u, inda tafarnuwa ta tsaya a madadin lu'ulu'un. A Rasha ma an kafa zauren Facebook mai suna Izoizolyacia, wanda cikin 'yan makonni ya tara mambobi fiye da rabin miliyan, bisa sharaɗin kada kowa ya gyara hotonsa da kwamfuta. Daga baya Getty ya tattara zaɓaɓɓun hotunan ya buga su a littafi.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasa ne na masu zaman kulle da suka rasa abin yi. Akwai wasa a ciki, babu shakka. Amma a ƙarƙashinsa akwai tambaya mai nauyi: idan mutum ya ɗaura kallabin wata da aka zana shekaru ɗari uku da suka wuce, ko ya naɗa rawanin wani da ya daɗe a kabari, me ya ɗauka a jikinsa? Tufa kawai, ko har da tarihin mai tufar?

Tsohuwar al'ada a sabuwar riga

Tun kafin a ƙirƙiro kyamara Turawa ke yin wannan. A ƙarni na 18 da na 19 attajirai da 'yan sarauta kan shirya dare na musamman inda mutane za su sa tufafi irin na wani zane, su tsaya cik a bayan labule, a yaye labulen baƙi su kalla su faɗi ko wane zane ne. A birnin Naples na Italiya, Emma Hamilton ta yi suna a ƙarshen ƙarni na 18 wajen kwaikwayon tsayuwar mutanen da ke jikin tsofaffin zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, da mayafai 'yan kaɗan kawai.

Al'adar ba ta mutu ba. A garin Laguna Beach na jihar Kalifoniya, tun 1933 ake gudanar da bikin Pageant of the Masters a lokacin zafi, inda 'yan sa-kai ke shiga cikin manyan firam-firam, a yi musu kwalliya, a daidaita fitilu har mai kallo ya kasa bambance mutum da fenti. A 2013, da za a sake buɗe gidan tarihi na Rijksmuseum bayan gyaran shekara goma, 'yan wasa sun shiga wata cibiyar kasuwanci a garin Breda na ƙasar Holan, wasu a kan dawakai, suka jeru kamar yadda Rembrandt ya jera dakarun gari a babban zanensa na 1642.

A ƙauyen Eldon na jihar Iowa kuwa, ɗan gidan katakon da Grant Wood ya sa a bayan zanensa na 1930, American Gothic, yana nan tsaye. Cibiyar baƙi da ke kusa da shi tana ba masu ziyara aron tufafi da cokalin kwasar ciyawa mai yatsu uku don su tsaya gaban gidan su ɗauki hoto. Mutanen da ke cikin ainihin zanen su ma shiga aka yi musu: macen ƙanwar mai zanen ce, Nan, namijin kuma likitan haƙoransa ne, Byron McKeeby, ba manomi ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan sha'awa. Duk wanda ya ga yaran tashe a watan azumi sun manna gemun auduga, sun tusa tsumma a riga sun yi tumbi, sun dogara sanda suna takawa kamar dattawa, ya san yadda abu biyu ko uku ke mayar da yaro wani mutum daban. Bambancin kawai shi ne Turawa suna da zanen da suke kallo suna kwafa.

Daga ina kamannin ke fitowa?

Wani lokaci ma ba a bukatar shiga. A 2012 wani ɗalibin jami'a ya shiga gidan adana zane-zane na Philadelphia, ya ci karo da hoton wani basaraken Italiya da aka zana a 1562, mai gemu da sumar kai irin nasa sak, kamar an tsaga kara. Hoton da aka ɗauke shi a gefen zanen ya zaga duniya. Tun daga nan irin waɗannan hotuna suka zama ruwan dare a kafafen sada zumunta.

Kamfanin Google ya hango kasuwa a nan. A ƙarshen 2017 ya ƙara wani sashe a manhajarsa ta Arts & Culture, inda mutum zai ɗauki hoton fuskarsa, manhajar ta lalubo masa zanen da ya fi kama da shi a cikin dubban hotunan gidajen tarihi. A watan Janairun 2018 abin ya bazu kamar wutar daji, kamfanin ya ce an ɗauki hotuna fiye da miliyan 30 cikin 'yan kwanaki. A jihohin Illinois da Texas ba a buɗe sashen ba a lokacin, saboda dokokinsu masu tsauri kan tattara bayanan fuskar mutane.

Masana kimiyya ma sun leƙa batun. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Kanada, François Brunelle, ya shafe shekaru tun 1999 yana ɗaukar hotunan mutanen da suka yi kama da juna alhali babu dangantaka tsakaninsu. A 2022 wata tawaga a Barcelona ƙarƙashin Dakta Manel Esteller ta binciki irin waɗannan mutane biyu-biyu har rukuni 32. Manhajojin gane fuska sun ɗauki rukuni 16 daga ciki tamkar tagwaye, binciken ƙwayoyin halitta kuma ya nuna da yawansu sun yi tarayya a wasu sassan gado da ke tsara hanci, baki, ido da ƙashin fuska. Sassan da ke gina fuskar ɗan Adam suna da iyaka, mutane kuma biliyoyi ne, don haka dole tsari ya riƙa maimaituwa. Wanda ya ga fuskarsa a zanen ƙarni na 16 ba lallai jikan mai hoton ba ne. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: kama da wane ba ta wane.

Yarinyar da kowa ke son zama

Cikin zane-zanen da aka fi kwaikwaya akwai Yarinya Mai Ɗan Kunnen Lu'ulu'u, wanda Johannes Vermeer ya yi a wajajen 1665, wanda ke rataye a gidan Mauritshuis a birnin Hague. Yarinya ce ta waiwayo ta kafaɗarta, da shuɗin ɗauri a ka, wani ƙyalle ruwan ɗorawa na reto a baya, ɗan kunne na sheƙi a kunnenta. Babu wanda ya san ko wace ce. Masana sun ce ba hoton wata takamaimiyar mace ba ne, irin zanen nan ne da masu zanen Holan ke yi don gwada fuska da baƙuwar shiga. Ɗaurin kan ba na matan Holan na wancan zamani ba ne. Ita kanta yarinyar ke nan shiga aka yi mata.

Shuɗin launin ɗaurin daga wani dutse mai tsada aka niƙo shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Afganistan. Binciken da gidan tarihin ya gudanar a 2018 ya gano cewa bayan yarinyar ba baƙi ba ne tun asali, koren labule ne da ya dushe, kuma lu'ulu'un ba shi da ko maratayi, ɗigon farin fenti ne kawai da ido ke haɗawa. A 1881 an sayar da zanen a gwanjo kan gilda 2 da santi 30 na kuɗin Holan. Littafin ƙagaggen labari na Tracy Chevalier na 1999 da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 2003 sun ƙara kai sunansa ko'ina.

A 2023, da aka ba da aron zanen don babban baje kolin ayyukan Vermeer a Amsterdam, Mauritshuis ya nemi jama'a su aiko nasu kwaikwayon don cike gurbin. An samu kusan 3,500. Da gidan ya rataye wani da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, masu zane da dama sun fusata, suna ganin an wulaƙanta waɗanda suka yi aiki da hannunsu. Cecekucen ya nuna abin da mutane ke daraja a wannan harka: wahalar nemo ƙyalle, ɗaura shi, gyara haske da riƙe numfashi.

Fuskokin da manhaja ta rasa

Murnar manhajar Google ba ta game kowa ba. Baƙaƙen fata da 'yan Asiya da yawa sun koka cewa zaɓin da ake ba su kaɗan ne, wani lokaci kuma akan haɗa su da hotunan bayi ko barori. Laifin ba na na'ura kaɗai ba ne. Gidajen tarihin Turai cike suke da hotunan waɗanda ke da kuɗin biyan mai zane, baƙar fata kuwa sau da yawa a gefe ake sa shi, riƙe da tire ko linzamin doki, ba tare da suna ba.

Wasu masu fasaha sun mayar da martani ta hanyar shigar kanta. Kehinde Wiley, Ba'amurke wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ɗauki zanen Napoleon a kan doki yana ƙetare tsaunuka, ya sake zana shi a 2005 da baƙin saurayi cikin kayan zamani a kan sirdin. Shi ne daga baya ya zana hoton Barack Obama da aka ƙaddamar a 2018. Awol Erizku, haifaffen Habasha, ya ɗauki hoton baƙar budurwa a tsayuwar yarinyar Vermeer a 2009, da babban ɗan kunne irin na 'yan matan unguwannin New York.

A lokacin kulle, mawaƙin opera ɗan Birtaniya Peter Brathwaite, wanda asalin danginsa daga Barbados ne, ya shiga ƙalubalen Getty da manufa guda: zai kwaikwayi hotunan baƙaƙen fata ne kawai. Ya yi amfani da kayan gida, har da bargon faci da ya gada daga kakarsa, yana kuma rubuta tarihin kowane mai hoto a ƙasa. Aikin ya zama littafi a 2023. A hannunsa wasan kulle ya koma hanyar mayar wa mutane sunayen da aka ƙwace musu.

Ayuba da rigar ƙasarsu

A cikin duk waɗannan hotuna akwai guda da ya kamata kowane ɗan Afirka ta Yamma ya sani. Ayuba Suleiman Diallo Bafulatani ne daga Bundu, a gabashin Senegal ta yau, ɗan gidan malamai, an haife shi a wajajen 1701. Ya tafi fatauci bakin kogin Gambiya, tafiyar da ta haɗa da sayar da bayi, sai shi ma aka kama shi a hanya aka sayar wa Turawan jirgi. Aka kai shi Maryland a Amurka, aka sa shi aikin gonar taba. Ya gudu, aka kama shi aka kulle. A kurkuku ne wani lauya, Thomas Bluett, ya lura cewa wannan bawa yana rubutu da Larabci, yana kuma kiyaye addininsa.

Wasiƙar da Ayuba ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ta faɗa hannun wani Bature mai suna James Oglethorpe a Landan, wanda ya shirya a kawo shi Ingila a 1733. A can ya taimaki wani Bature mai suna Hans Sloane wajen fassara rubuce-rubucen Larabci, ya rubuta Alƙur'ani da ka, masu hannu da shuni suka haɗa kuɗi aka fanshe shi. A 1734 ya kama hanyar gida.

Kafin ya tafi, abokansa sun nemi mai zane William Hoare ya zana shi. Bluett ya ba da labarin cewa da farko Ayuba ya ƙi, sai da aka tabbatar masa don tunawa da shi kawai ake so. Da ya amince, sai ya kafa sharaɗi: ba da kayan Turawa za a zana shi ba, da tufafin ƙasarsu. Mai zanen bai taɓa ganin irin su ba, don haka Ayuba ya siffanta masa su da baki. Abin da ya fito shi ne mutum mai natsuwa cikin farar riga da farin rawani, da jan littafi rataye a ƙirjinsa, yana kallon mai kallonsa ido da ido. Ana ɗaukar zanen a matsayin hoton fenti mafi daɗewa da aka sani a Birtaniya na Musulmi baƙar fata da ya fita daga bauta, wanda aka zana shi a matsayin mutum mai daraja. Hukumar gidajen tarihi ta Katar ta saye shi a 2009, aka kuma ba da aronsa ga gidan hotuna na National Portrait Gallery a Landan.

A 2014 mai ɗaukar hoto ɗan Senegal, Omar Victor Diop, ya yi shigar Ayuba a jerin hotunansa mai suna Diaspora, ya ƙara da ƙwallon ƙafa, don ya haɗa labarin 'yan Afirkan da suka yi fice a Turai a da da na 'yan ƙwallon yau waɗanda ake yi wa tafi ana kuma nuna musu wariya. Ayuba ya san abin da mutane da yawa ke mantawa: tufa shaida ce. Mutumin da aka tuɓe aka sayar, da ya sami damar zaɓa, abin da ya fara nema shi ne rigar gidansu.

Ga mai son gwadawa

Malaman makaranta masu shirya ranar al'adu ko wasan kwaikwayo, ɗaliban zane, masu ɗaukar hoto da iyalai za su iya cin moriyar wannan ba tare da kashe kuɗi ba. Sirrin shi ne a gano abu biyu ko uku da ido ke fara kamawa a zanen, a bar sauran.

Yarinyar Vermeer tana bukatar shuɗin ɗankwali, wani ruwan ɗorawa da zai sauko ta baya, riga ruwan ƙasa mai farin wuya da ɗan kunne guda mai sheƙi. A rataya baƙin zane a baya, a tsaya kusa da taga, a juya kafaɗa sannan a waiwayo. Mona Lisa, wadda Leonardo da Vinci ya fara zanawa a wajajen 1503, ba ta bukatar komai sai tufa mai duhu, siririn mayafi, hannun dama a kan na hagu da ɗan guntun murmushi. Dattijuwa za ta dace da hoton mahaifiyar mai zane Whistler na 1871: baƙar doguwar riga, farar hula, zama a kujera ta gefe, hannuwa a cinya.

Frida Kahlo ta Meziko ta zana kanta sau da dama, alamominta kuma sanannu ne: furanni a ka, gira a haɗe, gyale da doguwar riga irin ta matan Tehuantepec. A ranar 6 ga Yulin 2017, cikarta shekara 110 da haihuwa, mutane fiye da 1,000 sun taru da wannan shiga a gidan zane-zane na Dallas. A gida Najeriya kuma akwai Tutu, hoton gimbiyar Ife Adetutu Ademiluyi da Ben Enwonwu ya zana a 1974, wanda ya ɓace shekaru da dama kafin a gano shi a wani gida a Landan, aka sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018. Ɗaurin kai, mayafi a kafaɗa, miƙaƙƙen wuya da kallon gefe sun wadatar.

Maza ma suna da zaɓi. Mutumin da Jan van Eyck ya zana a 1433 jan ƙyalle ne naɗe a kansa da baƙar riga. Hoton Van Gogh na 1889 yana bukatar koriyar kwat, hular sanyi da bandeji a kunne. Na René Magritte na 1964 ya fi kowanne sauƙi ga wanda bai yi kama da kowa ba, domin koren tuffa ne ke rufe fuskar mai kwat da jan laktaye da baƙar hula. Akwai Juan de Pareja, wanda Velázquez ya zana a Roma a 1650 yana bawansa, daga baya ya sami 'yanci ya zama mai zane da kansa: tufa mai duhu, faffaɗan farin wuyan riga da kallon mutumin da ya san darajarsa. Shigar Ayuba kuwa tana cikin akwatin kusan kowane gida a ƙasar Hausa: farar riga, rawani da gafaka.

Haske ya fi tufa muhimmanci. A duba ta inda haske ya shigo a zanen, a kashe fitilar ɗaki, a bar taga guda ta yi aikin. Bayan haka sai tsayuwa: inda haɓa ta karkata, inda ido ya dosa, yadda yatsu suka kwanta.

Inda ya kamata a tsaya

Ba kowane zane ne abin kwaikwayo ba. Zane-zanen Turai da yawa suna nuna annabawa da waliyyai da al'amuran ibada, wasu kuma tsiraici ne. Musulmi ba zai yi shigar wani annabi ba, kuma ladabi ya hana a mayar da abin da Kirista ke girmamawa abin dariya. Zaɓin da ya rage yana da yawa, kuma kusan duk waɗanda aka lissafa a sama shiga ce ta suturta jiki. Haka nan kada a shafa wa fuska baƙi ko fari don a yi kama da wani jinsi, domin wannan ɗabi'a tana da mummunan tarihi na cin mutuncin baƙar fata. Masu tura hoton fuskarsu ko na 'ya'yansu ga manhajoji su fara karanta abin da kamfanin zai yi da shi.

Abu mafi muhimmanci shi ne sani. Kamannin fuska kyauta ce daga Allah, babu wanda ya yi wahalarta. Abin da ke hannun mutum shi ne ya san wanda ya ari rigarsa: wane ne, a wane zamani ya rayu, da yardarsa aka zana shi ko dole aka yi masa. Yaron da ya naɗa rawanin Ayuba a dandalin makaranta ya kamata ya iya faɗin inda Bundu take da yadda malami ya zama bawa ya kuma koma gida. Malamai da iyaye su sa wannan ya zama sharaɗi: kafin yaro ya sa tufar wani, ya fara koyon tarihinsa.